Me Al'ada Ke Tsinana wa Mazaunin Birni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni a Na'ibawa aka haife ni, a kasuwar waya ta Farm Centre nake neman abinci. Ban taɓa shiga gidan tarihi na Gidan Makama ba, hawan sallah ma a waya nake kallonsa. Kullum sai ka ji ana cewa Kano garin al'ada ne, ko kuma al'ada tana mutuwa. Wai mece ce al'ada a birni? Kuma ina ruwan wanda ke fama da kuɗin haya da na A Daidaita Sahu da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Na ji daɗin yadda ka yi tambayar nan kai tsaye, domin da yawa suna da ita a zuci, suna jin nauyin faɗa. A cikin badala, wato ganuwar birnin Kano, aka yanke mini cibiya, kuma na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin safiyo da tsara unguwanni. Don haka da idon mai awon fili zan ba ka amsa, wanda ya shiga lunguna da igiyar awo a hannu, ya ga abin da mutane ke yi da ƙasar da suke zaune a kai.

Da ruwanka da ita, ƙwarai kuwa. Kai mai fama da kuɗin hayar ma ka fi mai kuɗi buƙatarta. Sai dai an daɗe ana nuna maka ita ta ƙofar da ba taka ba.

Kalmar al'ada daga Larabci muka aro ta, tushenta kuwa komowa ne, wato abin da ake yi ana sake yi har ya zama jiki. Gargajiya ita ce abin da aka gada kaka da kakanni. Mun cakuɗa su biyun, shi ya sa da an ce al'ada sai hankali ya tafi kan doki da algaita da rawar ƙoroso. Waɗannan suna ciki, amma su ne rigar sallarta. Tana da kayan da take sawa kullum, su ne ba a lura da su.

A ƙauye aikin al'ada da sauƙi, saboda kowa ya san kakan kowa. A birni ne aikinta yake da nauyi, inda mutanen da ba su haɗa uwa ko uba ko harshe ba dole su sha rijiya ɗaya, su bi lungu ɗaya, su ci kasuwa ɗaya, a binne su a maƙabarta ɗaya. Ni a wurina al'adar birni ita ce ƙa'idojin zama da wanda ba naka ba, waɗanda ba a rubuta su a takarda ba amma kowa ya san su.

Ka saurari sunayen unguwannin cikin gari da kunnen basira. Ayagi ta Yarbawa ce. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa sunansu ya faɗi komai. Dandalin Turawa na Larabawan da suka ƙetaro hamada ne daga wajen Tarabulus, domin su Bahaushe ya fara kira Turawa tun bai ga Bature ɗan Ingila ba. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta samo suna. Madabo tana da alaƙa da malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali, waɗanda tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Sharifai kuma tana komawa ga zuwan Shehu Maghili a zamanin Muhammadu Rumfa. Ga unguwannin sana'a irin su Soron Ɗinki da Dukawa. Je ka yau ka tambayi ɗan Ayagi ko ɗan Zangon Barebari shi wane ne, zai ce maka Bakano ne, kuma gaskiyarsa. Garin yana da hanyar da yake narkar da baƙo. Falke ya sauka a gidan fatoma, shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, ya ci la'adarsa. In baƙon ya nuna amana, bayan shekaru a ba shi mata, a yanka masa fili. Jikokinsa kuma 'yan gari ne. Kirarin nan na "ko da me ka zo an fi ka" ana ɗaukarsa alfahari kawai, amma ka lura, da wanda ya zo ake magana. Gari ne da ya saba da masu zuwa.

Yanzu mu koma shagonka. Yaya aka yi ka shiga kasuwar waya? Ina kyautata zaton wani ne ya kama hannunka ya kai ka wurin wani, ka zama yaronsa, kana share shago kana kai saƙo, kana koyon ciniki, da fatan wata rana ya sallame ka da jari. Idan mai saye ya nemi abin da ba ku da shi, ka kan ruga shagon maƙwabci ka ɗauko, ba rasit ba sa hannu, da yamma a yi lissafi. Wataƙila kana zubin adashi. Idan rigima ta tashi tsakanin mutum biyu, kafin a kai ga 'yan sanda sai an zauna gaban dattawan layi. A Kantin Kwari ana ba mutum dilolin atamfa bashi da baki kawai, ya tafi da su Maraɗi ko Injamena, ya dawo ya biya. A Dawanau haka ake yi da buhunan hatsi. Wannan tsari bai zo da wayar salula ba. Shi ne ya riƙe Kasuwar Kurmi tun da Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa ta. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Akwai alƙalai a lokacin, amma abin da ya ɗauki wannan fatauci mai nisan watanni shi ne suna da kunya da tsoron a ce wane ya ci amana. Kai ka gaji wannan, kana ci da shi kowace safiya, ko da ba ka taɓa taka Gidan Makama ba.

Dalilin da ya sa na ce ka fi mai kuɗi buƙatarta shi ne, shi yana iya sayen madadinta. In babu maƙwabta masu sa ido, ya ɗauki mai gadi. In babu rijiyar unguwa, ya haƙa bohol. In babu adashi, banki ya san shi. In babu dattawan sulhu, yana da lauya. Talaka kuwa ranar da matarsa za ta haihu da tsakar dare, maƙwabciya ce asibitinsa na farko. Ranar da ya yi rashi, samarin unguwa ne za su haƙa kabari, gidajen lungu su aiko da kwanukan abinci kwana uku, ba wanda zai kawo masa takardar biya. Duk inda wannan ya lalace, a aljihun talaka ake fara jin zafin.

Bari in daɗe kaɗan a kan abin da na fi sani, wato ƙasa da ruwa.

Tsohon birnin Kano da ƙasarsa aka gina shi. Za a haƙi ƙasa a gefen unguwa, a kwaɓa, a yi tubali, a ta da soro, a rufe da azara. Ramin da aka bari shi ne kududdufi. Kowace unguwa kusan tana da nata. Damina in ta zo, ruwan lunguna ya gangara cikinsa, in ya cika ya tumbatsa ya bi hanyarsa zuwa rafin Jakara. Kududdufin yana riƙe ruwan sama a lokacin da ya fi yawa, yana sakin sa a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin gidajen kusa su samu. Ba wani injiniya da ya zana wannan a takarda, amma tsari ne cikakke, kuma abin da ya tsare shi ɗaruruwan shekaru magana ce guda da kowane yaro ya tashi yana ji: ba a gini a hanyar ruwa.

Da fili ya yi tsada, sai aka fara cike kududdufai da shara da ɓaraguzai, a yanka filotai, a ɗora bulo. An taɓa tura ni awon wani kududdufi da aka riga aka raba a takarda. Ina cikin kafa turaku wani dattijo ya fito daga zaure da buta a hannu, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaro, ruwan unguwa uku ne ke kwana a nan. In kun kore shi, gidan wa zai je?" Na koma ofis na rubuta abin da ya faɗa da harshen ma'aikata, da lissafin gangara da komai, na miƙa. Ba a saurara ba. Bayan 'yan shekaru na bi ta wurin cikin watan Agusta, na ga mata suna kwashe ruwa daga ɗakuna da robobi, katifu a shanye kan katanga. Gidajen da ruwan ya shiga ba na waɗanda suka sayi filotan ba ne, su sun ɗaga harsashinsu sama. Na tsofaffin mazauna ne. Har yau in na tuna tambayar dattijon nan sai raina ya ɓaci, domin ya fi ni sanin aikin da aka ba ni takardar shaida a kansa.

Ba ina cewa kududdufi aljanna ba ne. Akwai sauro, akwai wari, kuma yara sun sha nutsewa a ciki. Maganinsa a yashe, a kewaye, a hana zuba ƙazanta, a dasa itatuwa a gefe. Haka ma ginin ƙasa: yana son yaɓe duk shekara, in aka yi sakaci damina ta kayar da shi a kan mutane. Amma duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soron ƙasa cikin watan Afrilu, ya kuma kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano ranar da babu wuta, ya san wanne ne aka gina don wannan rana tamu. Mun yar da ilimin maimakon mu gyara shi, yanzu muna biyan kuɗin fanka da man janareta.

Badala ma haka take tafiya. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, har da filayen noma a ciki saboda lokacin yaƙi. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma a ƙasa ana ta cin ta: nan a ɗebi ƙasa, can a kafa shago, gaba a yanka fili. Ƙofofi da dama an rushe su an sake su da siminti don faɗaɗa titi. Duk da haka, Bakano bai daina kwatance da Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Ƙofar Ruwa ba, bai daina cewa "cikin gari" da "waje" ba. Taswirar tana kansa ko da ginin ya tafi. A Agadas ta Nijar an sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, kuma mutane na zaune a gidajensu na ƙasa, ana yi wa hasumiyar masallacin yaɓe. Abin mai yiwuwa ne in an so.

Sai zaure da dakali. A tsohon tsari, gida yana da zaure da ke kallon lungu, a nan maigida ke karɓar baƙi, a nan malam ke ba da karatu bayan asuba, a nan ake ɗaura aure a raba goro. A ƙofar gida akwai dakalin da dattawa ke zama. Baƙo bai isa ya yi taku ashirin ba a ce masa, "Sannu, wa kake nema?" ba. Unguwannin da muka yanka daga baya kuwa, kuma da hannuna a ciki, mun ba kowa fili murabba'i, ya ja katanga ta fi tsayinsa, ya sa get ɗin ƙarfe. Wuraren da aka ware don makaranta ko filin wasa ko maƙabarta sau da yawa an dawo an sayar da su. Sai ga mutum shekara biyar bai san sunan maƙwabcinsa ba. Amma ka lura da abin da mutane suka yi: suka fitar da benci ƙofar gida, suka kafa majalisa a gindin bishiya ko teburin mai shayi. Zauren da magini bai yi ba, jama'a suka yi wa kansu a bakin titi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ko abin ya dami mazauna birni.

Kada in yi maka kwalliya da yawa. Idon unguwa da ke tsare ka daga ɓarawo shi ne kuma ke bin bazawara da gulma. Faɗan daba tsakanin unguwanni a cikin tsohon garin ya yi ƙarfi, ba baƙi suka kawo mana shi ba. Lefe da kayan ɗaki da gara sun kai inda suke hana samari irinka aure, suna jefa iyaye cikin bashi. Waɗannan ma al'ada ne, kuma ban ga dalilin riƙe su a yadda suke ba. Akwai kuma inda hanyar narkar da baƙo ta tsaya. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka keɓe wa mutanen kudu Sabon Gari a wajen badala, ƙarƙashin wata doka daban. Bambancin addini yana nan, ba na musun tasirinsa, amma raba mazauni da raba hukunci sun sa an yi zuriya bayan zuriya ana haɗuwa a kasuwa da rana, da dare kowa ya koma duniyarsa. Rikicin 1953 da waɗanda suka biyo baya a wannan tsaga suka sami wurin shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon da tsagarsa aka gina shi.

To, hawan sallah da kake kallo a waya fa? A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mai kallo yana ganin ado, ni kuma ina ganin mutanen da ke bayan adon: baduku mai sirdi da kayan doki, maƙeri mai linzami da likkafa, maɗinki mai aikin babbar riga da alkyabba, mai naɗa rawani, mai sayar da harawa da dusa, mai hoto, yarinya mai tallan ruwa. Wasu a cikinsu cinikin waɗannan kwanaki ne ke riƙe su watanni. Sannan hawan yana da wani aiki da ba a cika faɗa ba. A Hawan Daushe da Hawan Nasarawa da na Ɗorayi ko Fanisau, sarki ne ke fitowa ya ratsa unguwanni, talakawa su gan shi ido da ido, su yi jinjina ko su yi shiru, kuma fada tana jin bambancin. Rana ce da ɗan Kurna da ɗan Yakasai da ɗan Hotoro ke tsayuwa a titi guda suna kallon abu guda. Birnin da ya kai girman Kano ba shi da irin waɗannan ranaku da yawa. Da rikicin sarauta ya sa jami'an tsaro suka hana hawa a babbar sallar 2024 da kuma a 2025, ka ji abin da mutane suka riƙa faɗa, cewa sallah ta zo lami. Ba na shiga maganar wa ke da gaskiya a rikicin. Abin da na gani shi ne har waɗanda ba su taɓa hawa doki ba sun ji an rage musu wani abu.

Maganar cewa al'ada tana mutuwa kuwa, rabinta gaskiya ne. Wasu sana'o'in suna tafiya. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, yau rijiyoyin da ake aiki a cikinsu kaɗan ne, saboda yadin kanti da rinin zamani sun karya kasuwar baba. Tashe ma an sha dakatar da shi saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Amma birni yana haifar sabuwa kullum. Gurasar da ake tinƙaho da ita a Jakara baƙuwa ce da ta zo da Larabawa, yau wa zai ce ba ta Kano ba ce? Ihun "Sai Masu Gida" a filin wasa na Ƙofar Mata bai girmi 1990 ba, shekarar da aka kafa Kano Pillars. Finafinan Hausa da littattafan da mata ke rubutawa suna karantawa, a idonmu suka taso, ana faɗa a kansu, kuma faɗan ma alama ce ta cewa mutane sun ɗauki abin nasu. Kai, ko A Daidaita Sahun da ka ambata. Kalmar ta liman ce in za a ta da sallah. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗauke ta ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyya, aka kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata, sunan ya bi su. Da aka hana acaɓa a 2013 suka cika gari. Yau ga su da ƙa'idojinsu na wa zai zauna ina, da rubuce-rubucen hikima a bayansu, da yadda fasinja ke miƙa wa ɗan'uwansa canji. A cikin rayuwarka aka yi wannan, daga sahun masallaci zuwa kan titi.

Saboda haka ban damu ƙwarai ba ko ka je Gidan Makama ko ba ka je ba, ko da yake zuwan yana da kyau, kuma in ka samu safiya ka hau Dala ka dubi garin daga sama, za ka ga inda kududdufai suka rage da inda aka cinye su. Abin da na fi so shi ne, ranar da ka ji ana shirin sayar da filin da yaran layinku ke ƙwallo, ko wani zai toshe magudanar ruwa da gini, ka je wurin mai unguwa tare da 'yan majalisarku tun ba a zuba harsashi ba. A aikina na ga inda mutum goma da suka zo tare suka tsayar da abin da rahoton ma'aikaci bai tsayar ba.

Sannan ga wani ɗan aiki. Gobe in kasuwa ta lafa, tambayi ubangidanka wa ya koya masa ciniki, shi kuma wancan a hannun wa ya tashi, kuma me suke sayarwa kafin waya ta zo. Ina zaton ba za ka wuce mutum uku ko huɗu ba za ka tsinci kanka a Kwari ko Sabon Gari ko Kurmi. In ka bi salsalar, ka aiko mini da sunayen unguwannin da suka fito, ina son in ji.